Durƙuso a Gaban Inna

Shekarar da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe New York, har rana ta koma ja kamar garwashi da azahar, a shekarar ce takarduna na zama a Amurka suka fito. Na daɗe ina jiran su. Da na riƙe su a hannu, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne zan je gida, zan ga Inna, kuma ba na iya durƙusawa.

A garinmu ɗa ba ya gaishe da uwarsa a tsaye. Ko da furfura a gemunsa, zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ita kuma ta ɗora masa hannu ta sa albarka. Ni kuwa gwiwoyina sun ƙare a wani shagon kayan abinci a titin 116, inda nake hawo da buhunan shinkafa da jarkokin manja daga ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Matakalar ta ƙarfe ce, siririya. Tun kafin wannan shekara nake zaman tahiya da ƙafar dama a miƙe.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta latsa gwiwar, ta ce ta sha wahala, in riƙa motsa ta a hankali, in gwada motsa jiki irin na yoga a gida. Malamar ajinmu na koyon karatu, inda nake zuwa da yamma a unguwar Tremont, ita ta nemo mini bidiyon a waya. Wata mata ce a kan shuɗiyar shimfiɗa, tana naɗe ƙafafu ta zauna a kan dugaduganta. Na ce abin da nake nema ke nan.

Mu biyu ne a ɗaki, ni da wani direban tasi ɗan zangon Kumasi. Yana kwana tuƙi, ya dawo bayan asuba ya kwanta, kuma lokacin ne kaɗai nake da shi kafin in fita aiki. Don kada in tashe shi nake kashe sautin wayar. Ban kuma so maƙwabta su ji muryar mace tana fitowa daga ɗakin gwauraye da sassafe ba. Akwai rubutu da ke wucewa a ƙasan hoton, amma kafin in haɗa kalma biyu ya tafi. Ban damu ba. Noma, ɗaurin kaya, hanyoyin jirgin ƙasa na garin nan, duk da ido na koye su.

Ban yarda in yi wannan a kan dardumar salla ba. Kwali na ɗauko daga shago, nake baje shi tsakanin gadajenmu.

Wata safiya direban ya buɗe ido ya same ni a ƙasa, hannuwa a miƙe, ina nishi.

"Alhaji, wace nafila ce wannan? Alƙibla fa tana can."

"Magani ne. Koma barcinka."

"Maganin Indiyawa? Bari liman ya ji, ranar Juma'a za ka yi bayani."

"Kai da cikinka ke gogar sitiyari, kai ya kamata ka sauko."

"Ni dai idan ka kulle kanka, ba ni da makulli," in ji shi, ya ja bargo yana dariya.

Na sha ganin matar tana cusa naɗaɗɗen bargo a bayan gwiwarta, wani lokaci ta zauna a kan matashi. Na ɗauka jin daɗi ne irin na masu hutu. Mu an raine mu a kan cewa ciwo haƙuri ake yi da shi. Da haƙuri na zauna a garin nan, da shi na jira takardu, da shi nake zama a kujerar aji ina bin baƙi ɗaya ɗaya da yatsa. Saboda haka idan zafi ya taso sai in danne, in yi salati a zuci, in ƙara sauka.

Da farko abin ya yi kamar zai yi. Tazarar da ke tsakanina da dugadugaina ta ragu har ta koma kamar faɗin tafin hannu. Na sayi tikiti. Na kira ƙanwata, ta kara wa Inna wayar a kunne, don idanun Inna sun riga sun tafi. Na ce mata na kusa.

Saura 'yan makonni tafiya, na ga tazarar da ta rage kaɗan ce, sai na saki nauyina gaba ɗaya. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara. Direban ya tashi, bai yi tsokana ba. Shi ya tallabe ni har ƙasa, ya sa ni a motarsa.

A asibiti suka ce wani abu ya yage a cikin gwiwar. Suka ɗaure ƙafar da wani abu mai ƙarfe a gefe biyu, suka ce kada in lanƙwasa ta. Muna zaune muna jira, direban ya karɓi wayata, ya kunna bidiyon da sauti, ya saurara. Yana jin Turanci sosai.

"Alhaji, cewa take yi idan ka ji zafi ka tsaya. Sai maimaitawa take."

Ya miƙo mini wayar, ya kau da kai. Da ma dariya ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban ɗage tafiyar ba. Na isa gida da sanda. Inna tana zaune a tabarma a ɗakinta, dangi sun cika ƙofa. Na yi sallama, ta gane muryar. Sai ta miƙo hannu ƙasa ƙasa, daidai inda kan ɗa yake zama idan ya durƙusa. Hannun ya yi ta lalube a iska.

"Ina kake?"

"Ga ni, Inna."

"To ya nake jin ka daga sama?"

Wata gwaggona da ke jingine da bango ta ce, "Ai haka mutanen Amurka suke gaisuwa, Yaya."

Ƙanwata ta yi saurin yin bayani. Aka kawo kujerar roba, na zauna, ƙafar a miƙe a gabanta kamar itace. Na sunkuya iya yadda zan iya. Hannunta ya faɗa kan ƙarfen, ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa, ta ce sannu. A nan ta bar hannun ta yi addu'ar. Duk kwanakin da na yi a gida, a kujerar nan nake gaishe ta, ita tana ƙasa.

Ban daɗe da dawowa ba ƙanwata ta kira da labarin rasuwarta.

An cire ƙarfen, amma gwiwar ba ta lanƙwasuwa fiye da rabi. Aikin shago ya tafi, an ba wani mai lafiya. A masallaci na bar sahun gaba, ina kujera a jikin bango tare da tsofaffi, goshina bai sake taɓa ƙasa ba. Cin abinci a ƙasa da 'yan'uwa a tire ɗaya ma ya wuce, ana zuba mini nawa daban. Sai kuma Inna, wadda ban durƙusa mata ba.