Kitson Baturiya da Sunan 'Yar Fari

Tun rana ba ta yi zafi ba Baturiya take shimfiɗa tabarmarta a gindin kurnar da ke tsakar gidanta a Magarya. Ta ajiye tsinke da mataji da ɗan kaskon man shanu, ta gyara zama. Duk macen da ta fara zuwa sai ta ɗora kai a cinyarta. Da zarar tsinke ya tsaga gashi, bakin Baturiya ma ya buɗe. Ba gulma take yi ba kamar sauran masu kitso. Labari take bayarwa, mai tsawo, wanda ba ya ƙarewa a zama guda. Sai ta kai kitso na ƙarshe, daidai inda rai ya ɗauko zafi, ta ɗan buga kafaɗar mace ta ce, "Tashi. Saura sai kanki ya tsufa."

Matan garin nan shaidu ne. An ga wata daga Sassumbrum tana tahowa a ƙasa, dokar da aka kitsa mata ko ƙura ba ta kama ba, ta tsefe ta da hannunta a hanya don kawai ta ji ci gaba. An ga maƙwabta biyu da suka daina gaisawa tun kan rigimar akuya, sun zauna a tabarma ɗaya suna gardamar wanda ya saci zakaran liman a cikin labari, har suka manta da tasu akuyar. Bana kuwa yatsun Baturiya sun fara sanƙarewa, ta ce da an gama kakar gyaɗa za ta ajiye tsinke. Shi ya sa ya wajaba a faɗi abin da ta yi wa Saratu.

Saratu ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, yanzu tana taya unguwarzoma aiki a gidan likita. Ita ce 'yar farin Inna Yakura. Kun dai san yadda iyayenmu suke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna masa so a gaban mutane. Tunda aka haifi Saratu ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. "Ke," ko "yarinyar nan," ko "waccan." Ƙannenta ana kiransu ana shafa kansu, ita kuwa sai dai a miƙo mata ƙwarya ana kallon wani wuri.

Da mahaifinta ya rasu, Inna ta gama takaba amma ta ƙi fitowa daga cikinta. Ba magana, ba dariya, tuwo sai ya sandare a akushi. Saratu ta so ta kawo mata wani abu da zai dawo da ita. Ta fara gwada littattafan faransanci da take aro wurin matar mushen lakwal, wato malamin makaranta, irin na binciken kisa, tana juya mata da Hausa. Ba a yi nisa ba Inna ta ɗaga hannu. "Ke, gawa ɗaya ba ta ishe ni ba?"

Sai Saratu ta nufi gindin kurna.

"Gwaggo Baturiya, labari nake so in saya wa Inna."

"Ni kitso nake sayarwa, 'yar likita. Labari gyara ne." Ta kalle ta sama da ƙasa. "Ina da uku. Akwai na aljanin rijiya."

"A'a, ba na tsoro ba."

"Akwai na saurayin da ya bi ayari zuwa Kano saboda wata mai wushirya."

Zuciyar Saratu ta yi tsalle, don da ita za a ba, wannan za ta ɗauka. Amma ta tuna wadda ta rasa mijinta. Ta girgiza kai.

"To saura na tsohuwa Kadi mai daddawa. A ƙauyensu kullum sai wani abu ya ɓace, yau taɓarya, gobe tulun amarya. Ba jini, ba dogari, ba a kai kowa bariki. Ɓarawon ma daga ƙarshe da shi ake cin tuwo."

"Shi nake so."

Baturiya ta fara zuwa gidansu da tsinkenta. Ranar farko Inna ta ba da kai kamar mai ba da bashi, fuska a murtuke. Zuwa na biyu ta yi tambaya ɗaya. Zuwa na uku, Saratu na dawowa daga aiki, tun daga zaure ta ji wata dariya da ta manta sautinta. Ta tsaya cak a bayan zana.

"Kai, Baturiya! Wallahi mahaucin nan ne! Tun farko ban yarda da hularsa ba!"

"Ki bar motsi, Yakura, za ki ɓata mini tsaga."

Ya kamata Saratu ta yi hamdala. Ta yi, amma da ɗaci a harshe. Baturiya! Ga yadda sunan ya fito daga bakin Inna, sumul, da wasa, da ƙauna. Ga kan Inna a cinyar wata. Ita Saratu ta zaɓi labarin, ita ta taka har gindin kurna, amma dariyar ta tafi gidan wata. Tana shiga tsakar gidan sai Inna ta gyara fuska ta ce, "Ke, akwai fura a rufe."

Daga nan kishi ya zauna mata a ƙirji kamar dutsen niƙa. Inna ta fara cin tuwo, ta fara leƙa maƙwabta, amma hirarta duk ɗaya ce: Baturiya ta ce, Baturiya ta yi. Har ƙuli take soya mata. Saratu ta kai ga jin haushin ƙamshin man shanu. Wata rana ta tare Baturiya a ƙofar gida ta ce, "Gwaggo, ina ganin Inna ta warke. Ba sai kin riƙa wahala ba."

Baturiya ta dube ta har sai da Saratu ta sunkuyar da kai.

"Tulun amarya bai fito ba tukun," ta ce. "Ranar kasuwa ki dawo da wuri. Kada ki shigo. Tsaya inda kika saba tsayawa."

Ashe Baturiya tana ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin zana.

Ranar kasuwa Saratu ta tsaya, kunya da haushi suna cin ta. A cikin labarin, tsohuwa Kadi ta kwanta zazzaɓi, ta tura jikokinta mata uku neman tulu: Fadi, Zara, da wata Saratu, mai shiru, wadda ba a cika kulawa da ita ba, amma ita ce ke tashi ta ɗebo ruwa kafin kowa.

"To Yakura, wa kike ganin za ta gano?"

"Yarinyar nan mana."

"Wace yarinya? Uku ne."

"Ta ukun."

"Na manta yadda na jera su. Tsufa ke nan. Fadi kike nufi?"

"Wace Fadi, sarkin barci!"

"To Zara."

"Baturiya, kada ki raina mini hankali."

"In ba ki faɗa ba na ɗaure kan nan na tafi, tulu ya zauna inda yake har Mahdi."

Tsinke ya tsaya. Sannan muryar Inna, ƙasa-ƙasa, kamar mai taka sabon daɓe:

"Saratu."

"Ban ji ba."

"Saratu, na ce! Wa kuma zai iya in ba ita ba? Tun tana ƙarama haka take, ba ta barin abu sai ta ga ƙarshensa."

"Au, kin santa ne? Ni yau na ƙirƙiro ta."

"Ci gaba da kitsonki, mai bakin tsiya."

Saratu ta dafe zana da hannu biyu, hawaye na sauka har haɓa. Kuma kada a yi ƙarya, ko a wannan lokacin kishin bai tafi ba. Sunanta ne, uwarta ce, amma sai da wata ta ciro mata shi da tsinke.

Ke ce, Baturiya, mai tsaga gashi ki tsaga damuwa. Ke ce kika ga ƙafafu a ƙarƙashin zana kika san abin da ke damun mai su. Ba ki karya al'ada ba, ba ki kunyata tsohuwa ba, kin dai buɗe mata ƙaramar ƙofa ta wuce. Ba ki da lambar girma daga kumandan mai mulkin gari, ba maroƙin da ya taɓa wasa ki. Mun gode. Saratu ma ta gode, ko da yake har yau in ta ga Inna na ɗaure ƙulin da za a kai miki, sai ta kau da kai.

Ku kuma masu tsofaffi a gida, kafin ku ɗauko musu abin da ku kuke so, ku tsaya ku dubi abin da zuciyarsu za ta iya ɗauka. Ku zaɓa musu mai sauƙi, mai dariya. In kuwa dariyar ta faɗa hannun wani, ku haɗiye, ku tsaya a bayan zana ku saurara.