Ajiyar Kifin Yaya Nura

Jama'a, yau na tafka kuskuren da ba ya gyaruwa!

Da hantsi akwatin gilashin da Yaya Nura ke kiwon ƙaton kifinsa, irin na ƙasar waje da ake kira arapaima, ya tsage. Tsawon kifin ya haura hannuna; na auna, ban ƙara gishiri ba. Yaya ba ya gida, sai na saka kifin a baho, na kai ajiya gidan maƙwabciyarmu, Mama Ladi. Ban same ta ba, sai na ajiye bahon a can, kuma ban bar saƙo ba.

Da la'asar sai ga ta da bahon da kular farfesu!

Ta ce, "Nura, an gode! Ga naku, ba a mayar da mazubi wayam."

Yaya ya dafe kai. "Mama, shekara biyu ina kiwonsa!"

Ta ce, "Allah sarki, shi ya sa ya yi maiƙo haka."