Alkakin Hanyar Sawakin

Ni Rabi, langalanga ɗaya ce ta raba ɗakina da na Dela a unguwar Sabil ta Jidda, shekara ashirin da 'yan kai. In ta yi atishawa ni nake amsa mata. Don haka kada wani ya zo ya ce zai ba ni labarinta, ni zan ba shi. Ni dai gyaɗa da goruba nake kasawa a tire a ƙofar gida, yara na saye. Ita kuwa sana'arta kwaɓin kayan zaƙin Sallah a gidajen mutane.

Da zarar an shiga goman ƙarshe na azumi, manyan gidajen unguwannin Balad da Bagdadiyya sai su fara aikowa. Wai hannunta na da sanyi, man shanu ba ya narkewa a tafinta. Tana azumi take kwaɓawa, ba halin ɗanɗanawa, sai dai ta shinshina, ta latsa da yatsa, ta ce, "Halas, ya yi, yalla a kai furun." Furun shi ne gidan gashin unguwa, inda kowane gida ke aika farantansa. Ban taɓa jin farantin Dela ya dawo an yi tsaki ba.

Jidda kuwa kun san ta. Kowace ƙabila jirgin ruwa ya sauke, wasu sun yi Hajji sun koma, wasu sun zauna, kuma kowa ya zauna da abin Sallar garinsu. Dela ta shiga gidajensu kaf. Ta iya ma'amul na mutanen Hijaz, wanda ake cusa wa dabino a buga a koshiyar katako mai zane. Ta iya kahak na Misirawa, da ake mintsina da ɗan hantsaki don garin sukari ya sami wurin zama. Ta iya nankatai na Indiyawa mai fashewa a ka, da guraiba wadda in ka riƙe ta da ƙarfi sai ta zama gari a hannunka, da wani na mutanen tsibirin Jawa mai kwakwa, da ake naɗewa da zafinsa kamar tabarma.

Abin da ya fi kwaɓin shi ne tambaya. Kai, Dela! Mu a unguwa Dela Me-ya-sa muke ce mata. Me ya sa ku Misirawa kuke mintsinawa? Me ya sa na dabino dogo ne, na gyaɗar Sham kuma mai ƙusumbi? Wa ya koya miki, uwarki ko kakarki? A garinku wa ake fara miƙa wa? Wata Hajiya Bajawa ta taɓa ce mata, "Ke aiki kika zo ko ƙidayar jama'a?" Dela ta yi dariya, ta ce matambayi ba ya ɓata, ta sake jefo wata.

A kowane gida, banda ladanta, guda ɗaya tak take roƙa. Ta sa a wani tsohon gwangwanin shayi ta kawo gida. In an sha ruwa sai in ji ta buga langalanga. "Rabi, zo ki yi shaida." In je in same ta ta jera su a faifai, ta gutsiri wannan, ta rufe ido, ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta girgiza kai. Sauran ta tura mini. Ni kuwa ba na wasa da abin da aka tura mini, shi ya sa na fi ta jiki.

Sai da muka shekara uku a haka na gaji, na ce, "Ke wai me kike nema ne? Kowace shekara ki ɗanɗana ki girgiza kai kamar ƙadangare."

A nan ta gaya mini. Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka taso daga ƙasar Gumel a ƙafa, za su Makka. Ubanta Na'ibi baduku ne, uwarta Fatsuma. Ƙaramar Sallah ta same su a ƙasar Sudan, tsakanin Kasala da Sawakin. Ranar uwarta ta miƙo mata wani abu murɗaɗɗe, ta ce, "Ungo alkakin Sallarki." Kwana kaɗan bayan nan uwar ta rasu, aka binne ta a gefen hanya. Uban ya ƙetare teku da ita, shi ma bai yi nisan kwana ba, ta tashi a hannun mutane.

"Rabi, wallahi ban san fuskarta ba," in ji ta. "Na yi na yi, ta ɓace mini. Muryarta ma ta tafi. Ɗanɗanon nan kaɗai ya rage, shi ma kowace shekara yana raguwa. In ya tafi, shi ke nan ba ni da uwa ko a zuci."

Tausayinta ya kama ni, amma bakina ba ya barin magana ta kwana. Na ce, "To ba alkaki ta ce ba? Matan Hausawa nawa ne a Sabil da suka iya alkaki? Sai ki bi gidan Misirawa da mutanen Jawa?"

Ta ce ta ci na kowa, ba shi ba ne. Nata yana da ɗan tsami, da wani zaƙi mai kama maƙogwaro, da ƙamshi kamar na yaji amma ba yaji ba. Tunda babu shi a wurin Hausawa, ta ce ƙila uwarta a hanya ta koya wurin wata ƙabila, ita ma za ta bi ƙabilun ɗaya bayan ɗaya.

Kowace Sallah kuma sai ta gwada nata. Ku ji inda wautar take, ni da ita duka. Cewa muke abin da ya zauna a bakin mutum shekara da shekaru dole kayansa masu kyau ne. Sai ta samo alkama mai kyau. Bai yi ba. Shekara mai zuwa ta ƙara man shanu na Ɗa'ifa. Bai yi ba. Ta sa zumar Hadaramaut, wadda mijinta Ubale, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya roƙo mata wurin wani Bayamale. Alkaki ya fito kamar a kai wa amarya, unguwa ta cinye tana santi, Dela na zaune tana kallon bango. Ubale, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri. Abin da yake cewa kawai, "Mai nema yana tare da samu, Dela. Miƙo mini wancan."

Shekarar da Kirsimeti ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, ƙarshen sittin da bakwai ke nan, aka kira ta gidan wani injiniya Bajamushe a Bagdadiyya. Matarsa na son a taya ta kwaɓin nasu bikin. Dela ta dawo bakinta bai rufu ba. Wai suna yanka kwaɓi da ƙarfe, siffar tauraro da siffar mutum har da hannuwa, su huda su rataya a reshe. Wai citta da kanumfari da kirfa suke zubawa a cikin abin zaƙi.

Na ce, "Citta? Kunu ne? Kin dai tabbata ba su ɗiga giya ba?"

"Ni na kwaɓa da hannuna, sarkin zargi."

Aka kira magariba, ta gutsiri kan ɗan mutumin nan, ta rufe ido. Ina jiran girgiza kai, sai na ga hawaye. Ta ce, "Rabi, ba shi ba ne. Amma sun haɗa hanya." Shekara arba'in ba ta taɓa matsowa kusa haka ba, kuma wai a gidan Bajamushe! Tun daga ranar ta haukace mana da citta da kirfa. Ta gwada sau huɗu kafin Sallah, duk a banza. Ranar idi da yamma ta ce mini yanzu ma ta rikice, in ta nemi na uwarta a bakinta, na Bajamushiya take ji. Ban taɓa ganin tsoro a idonta irin na ranar ba.

Bayan Sallah jiragen alhazai suka fara sauka. Dela na da al'ada, duk abin da ya rage na kayan Sallah sai ta kai masaukin alhazai da ke kusa da tasha, ta raba wa tsofaffin mata. Sadaka ce, amma da ƙugiya a ciki, don kowace ta karɓa sai ta sha tambaya. Daga ina? Ta wace hanya? Kin taɓa jin ayarin Na'ibi baduku na Gumel? A shekarar na bi ta, don na ga jikinta ya yi sanyi.

Cikin waɗanda jirgin da ya taso daga tashar Bar Sudan ya sauke akwai wata tsohuwa siririya, sunanta Turai, Hausarta duk ta gauraye da Larabcin Sudan. Dela ta durƙusa ta miƙa mata ma'amul, ta yi tambayarta ta kullum. Tsohuwa ta dakata da tauna.

"Na'ibi mijin Fatsuma? Mai 'yar yarinya mai yawan surutu?"

Na ce, "Iya, ga surutun nan a gabanki, har yau bai ƙare ba."

Ashe tare suka taso. Turai na amarya lokacin, guzurinsu ya ƙare, ita da mijinta suka tsaya noman auduga a Sudan, tsayuwar da ta zama shekara arba'in. Sai bana Allah ya kira ta. Aka yi kuka, aka yi salati. Ni dai ina ta zungurin Dela, don motar da za ta kai su Makka jibi za ta tashi. Can Dela ta matsa kusa da ita.

"Iya, alkakin da innata ta yi ranar Sallar nan, da me ta yi shi?"

Turai ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Alkaki? Wayyo 'yar nan. Ina muka ga alkama? Kwana uku muna shan ruwan tsamiya da tsakin dawa. Ke kika tasa ta da kuka tun jajibere, wai a gida ana alkaki ranar Sallah, ina naki. Ita kuwa zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinta. Ta rarrafa gindin goruba, wurin cike yake da su, ta tsinto, ta kankare bayan da wuƙar ubanki, ta daka a zaune don ba ta iya tsayuwa. Ta haɗa da tafi ɗaya na garin dawa, rabonta ne na ranar, ta kwaɓa da ruwan tsamiya. Babu mai, a kan fasasshen kasko ta gasa. Ta murɗa shi kamar alkaki don kada ki gane."

Goruba! Jama'a, goruba! Abin da ke kan tirena a ƙofar gida shekara ashirin, Dela na tsallake shi safe da yamma za ta neman zumar Hadaramaut. Ita ba ta ci, wai tana karya haƙori. Na riƙe baki, kunya da haushi suka rufe ni, na rasa wa zan zaga, ni ko ita.

Washegari da hantsi muka ɗauko Turai zuwa gida. Na juye gorubar tirena kaf a gaban Dela. Ubale ya samo dawa wurin Sudanawan tasha. Dela ta kankare, ta jawo turmi za ta miƙe, sai ta fasa, ta zauna ta daka a zaune. Ta kai hannu ga gwangwanin man shanu, Turai ta buge hannun. Ta kai ga sukari, ta sake bugewa. "Ba mu da shi," in ji ta.

Guda biyar suka fito, baƙi-baƙi, duk sun tsattsage. Na ɗauki ɗaya don ni ce mai shaida. Gaskiya ɗaya ce, ba daɗi. Gari-gari kamar dusa, ga tsami, ga ƙaurin kasko, sai can ƙarshe wani ɗan zaƙi mai ƙamshi ya kama maƙogwaro. Da a gidan Balad ta kai wannan, da ba su sake kiranta ba.

Dela ta gutsira, ta rufe ido. Muka zuba mata ido, har Ubale da ke bakin ƙofa. Ta daɗe. Kan nan da na saba gani yana girgiza bai motsa ba.

"Shi ne," ta ce.

Ta cinye shi tas, ta tsince ɓurɓushin da ya zuba a zaninta. Sannan ta juya ga Turai, Dela Me-ya-sa, da tambayarta ta ƙarshe a kan wannan magana.

"Iya, ita ta ci?"

"Biyu ta yi. Kika cinye ɗaya, kika ce a ƙara."

Dela ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Rabi, ashe ranar ba mu da komai. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ban taɓa Sallah mai daɗi irinta ba."

Daga shekarar gwangwanin shayi bai daina cika ba, tambaya ma ba ta ragu ba, har ta tsufa tana shiga gidajen Turkawa da Bukharawa tana me-ya-sa. Sai dai ta bar girgiza kai. Kowace Sallah takan jera na ƙasashen duniya a babban faranti don baƙi, a gefe kuma ta gasa nata guda biyu a kasko. Ɗaya ta ci. Ɗayan ta fita da shi ƙofar gida ta ba duk matar da ta fara wucewa da goyo, ta tsaya a kanta ta ce, "Ba na yaron ba ne, naki ne. Ci a gabana."