Ragon Kawu da Kalmar "Sadaka"

Shekarun baya, bayan na kammala jami'a, aka tura ni Yendi hidimar ƙasa, ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Ɗaki ɗaya muka kama haya ni da abokina, wanda shi ma malami ne. Dukanmu mutanen Bawku ne, kuma mahaifiyarsa da mahaifiyata coci ɗaya suke zuwa, benci ɗaya ma suke zama.

Sai na fara faɗin yadda gidanmu yake, domin a fahimci abin da ya biyo baya. Mahaifiyata 'yar Salaga ce, jikar fataken goro, daga gidan da ake yin Hausa da cikakkiyar ƙa'idarta. Ta karɓi addinin Kirista tana budurwa, ta auri mahaifina, ɗan ƙabilar Kusasi, ta bi shi Bawku. Yayanta, wato kawuna, ya daina yi mata magana tun daga ranar. Na girma ban san muryarsa ba. Sai a shekarar da mahaifina ya rasu, da Babbar Salla ta zagayo, wani direba ya tsaya a ƙofar gidanmu da roba cike da soyayyen naman rago, ya ce in ji Alhaji na Salaga. Babu wani saƙo bayan wannan. Mahaifiyata ta zauna a bakin ƙofa ta rungume robar tana kuka. Tun daga lokacin naman bai taɓa fashi ba, ita kuma in Kirsimeti ta zo sai ta aika masa da zabi da albasar Bawku. Sannu a hankali suka koma gaisawa a waya. Ba su taɓa zama sun tattauna abin da ya raba su ba, kuma a ganina ba su da niyya.

A Yendi mun shiga wani rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi bayan sujadar Lahadi, a inuwar mangwaron da ke bayan coci. Akwai Konkomba daga Saboba, akwai Mosawa, akwai Kusasi, Hausar zango ce kaɗai ta haɗa mu. Wani dattijon coci ne yake jagoranta: ya karanta da Turanci, ya juya mana da Hausa nan take. Ni kuwa Hausar nan tana sosa mini kunne. A ce wa mace "shi", a ce "yaro uku", duk ina ji ina haɗiyewa, wani lokaci kuma in kasa haɗiyewa. Shi ya sa suka laƙaba mini Farfesa, ba kuwa don girmamawa ba.

Wata Lahadi, ana dab da Babbar Salla, muka iso wurin da wani manzo, a cikin wasiƙarsa, yake magana a kan naman da aka yanka wa gumaka. Dattijon ya ɗan lalubi kalma, sai ya ce, "Wato naman sadaka." Babu wanda ya yi mamaki. A bakin mutanen yankin, idan mai duba ya ce ka kai kaza wurin tsafi a yanka, cewa ake ka yi sadaka. Ni kaɗai na motsa a kan benci, amma abokina ya riga ni ɗaga hannu.

"Baba, to naman Salla fa? Maƙwabta suna kawo mana, su da bakinsu suna cewa sadaka ne."

Dattijon ya cire tabarau yana gogewa, ya ce maganar tana son tunani. Kafin ya yi tunanin, hadarin da ya taso tun safe ya sako ruwa, kowa ya cusa Littafinsa cikin riga ya nufi gida. Abokina ya ɗauki shirun dattijon a matsayin hukunci.

A cikin makon nan Kawu ya kira ni. Ya ce direban da ya saba kai saƙon ya bar hanyar, tunda kuma ga ni a Yendi, tsakanin Salaga da Bawku, sai in zo in yi Salla a gidansa in wuce wa mahaifiyata da rabonta. Na amsa da murna. Washegari da rana, ina tsakiyar gyaran jarrabawar ɗalibai, mahaifiyata ta kira. Ashe abokina ya faɗa wa mahaifiyarsa abin da ya ji, ita kuma ta kai shi zumuntar mata, ya zama abin da aka koyar a Yendi.

"An ce Littafi ya hana naman sadaka," in ji ta. "Gaskiya ne?"

Na fara bayanin kalmomi, ta katse ni.

"Saurara. In ya hana, ba zan ci ba. Kuma ba zan karɓa in zubar a ɓoye in yi wa Yaya ƙarya ba. Sai dai in mayar masa da abinsa."

"Mma, kin san abin da hakan zai jawo."

"Na fi ka sani. Ni na zauna cikinsa. Kai ka yi karatu, ka duba mini. Amma kada ka duba don ka faranta mini."

Na san halinta. Matar da ta rabu da gidan ubanta saboda abin da ta gaskata ba za ta ji wuyar rabuwa da robar nama ba. Na kuma san in robar ta koma Salaga, ba za ta sake fitowa ba.

Gyaran kalmar bai ba ni wahala ba. Ina da fassarar Hausa da wani malamina ya kawo mini daga Najeriya, kuma a cikinta maganar gumaka ake yi ƙarara. Sadaka kuwa a Hausar asali kyauta ce da ake yi don Allah, babu ruwanta da tsafi. Da son raina ne da a nan na tsaya, in je in kayar da abokina da ƙamus. Amma gargaɗin mahaifiyata ya hana ni. Ko da kalmar ta gyaru, tambayar tana nan: layya yanka ce ta ibada, ni kuma na gaskata cewa hadayar da ta wajaba a kaina an riga an yi ta sau ɗaya a kan gicciye, ta kuma isa. Shin cin naman shiga ibadar wani ne?

Kwanaki na yi ina karanta surorin gaba ɗayansu bayan tashi daga makaranta, ba ayar nan kaɗai ba. Na ga abin da manzon yake tsoro shi ne mai bi ya koma zama a teburin gunki. Na ga kuma, a daidai wurin, ya yarda mai bi ya amsa gayyatar wanda ba addininsu ɗaya ba, ya ci abin da aka sa masa a gaba da godiya. Kawuna ba gunki yake yanka wa rago ba, kuma ba kirana yake in yi yankan tare da shi ba. Rabo yake fitar wa ƙanwarsa. Hankalina ya kwanta a kan wannan. Sai dai a cikin surorin akwai abin da ban je nema ba: gargaɗi mai zafi ga wanda yake da sani, kada saninsa ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa. Na karanta wurin na wuce da sauri, kamar ba da ni ake ba.

Da safe, muna shan koko da ƙosai, na shimfiɗa wa abokina hujjojina tun daga tushen kalmar. Ya bar ni na gama.

"Farfesa, kai ka san kalma," ya ce. "Baba na shi ne mai tsafi na gidanmu. In ya yanka kaza a kan dutse, jini ya zuba, ya ce sadaka ne, kowa ya ci. Ranar da na ce ba ni ci, ya kore ni. Mama na ma don haka ya bar ƙauye. Yanzu in na ji sadaka, dutsen nan nake gani. Ka ce mini in ci?"

Ko "Mama na ya bar" ɗin ban gyara masa ba. A lokacin na koma wa wurin da na tsallake. Na ce masa ba zan ce ya ci ba, ba kuma zan ci a gabansa ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada tsoronsa ya zama doka a kan mahaifiyata. Na ba shi labarin robar farko. Sai ya tura mini sauran ƙosan.

Ranar Lahadi na tayar da maganar a inuwar mangwaro, na karanta wurin da fassarar Hausa. Dattijon ya karɓi littafin ya duba da kansa, ya yi dariya.

"Hausa na na kasuwa ne, Farfesa. Gunki ne, ba sadaka ba. Ni na ɓata."

Wata mata 'yar Saboba ta ce gara da aka gyara, domin ita ta riga ta daka yajinta tana jiran maƙwabta. Aka yi dariya, sannan aka yi muhawara mai tsawo, wasu suna nan wasu suna can. A ƙarshe dattijon ya ce naman maƙwabcinka Musulmi ba naman gunki ba ne. Wanda zai ci ya gode wa Allah ya ci, wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba kada a yi masa ba'a, shi ma kada ya hukunta mai ci. Abokina ya ce shi dai ba ya ci. Amma a hanyar gida ya kira mahaifiyarsa a gabana ya ce mata ba haka aka koyar ba. Na ji tana cewa to ita yanzu da wane baki za ta koma wa matan.

Ranar Salla ina Salaga. Bayan an yi yanka, mata suna suya a tsakar gida, na zauna kusa da Kawu a zaure. Na ɗauka zan iya tambayarsa da dabara.

"Kawu, in wani ya ce naman layya da naman tsafi ɗaya ne, me za a ce masa?"

Ya ajiye goron da yake shirin ɓarawa.

"Wane mara kunya ne? Ni da ko laya ban yarda a rataya wa jikokina ba? Labarin ragon nan ai yana cikin littafinku. Mun saɓa a kan wane ɗa ne, amma ragon ba mu saɓa ba."

Sai ya dube ni da kyau. Dabarata ba ta kai ko'ina ba.

"Uwarka ce?"

Na ce maganar ta kai kunnenta, kuma tana jiran abin da zan faɗa mata.

"In ta ce ba ta so, kada ka matsa mata," ya ce. "Kada kuma ka dawo mini da shi. Ka ba duk wanda ka gani a tasha."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Ta tagar zauren na hango shi tsaye a kan kaskon suya, mata suna ba shi wuri, yana tsamo hanta da ƙoda da hannunsa yana zubawa a robar.

Hanyar Bawku ta yi mini tsawo fiye da kullum. Robar tana kan cinyata, ɗuminta yana ratsa wandona, ina ta maimaita jawabin da zan yi. Na isa da la'asar na sami mahaifiyata tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi mutanen Salaga ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta kai hannu ga robar ba. Na buɗe Littafi na karanta mata surorin a hankali, har da wurin da ya shafe ni, na faɗa mata yadda kalmar ta sauya a bakin dattijon da abin da abokina ya gani a gidansu. Jawabin da na shirya ko rabinsa ban yi ba.

"Kai ka ci?" ta tambaya.

"Na ci, Mma. A gaban Kawu."

"Da ka yi addu'a bayan nan, zuciyarka ta zarge ka?"

"Ba ta zarge ni ba."

Ta share hannunta a zane, ta jawo robar ta buɗe. Ta ga hantar a sama. Sannan ta sunkuyar da kai ta yi godiya, ta ɗauki yanka ɗaya ta ci. Ta ce in miƙo mata waya.

"Yaya, barka da Salla. Wa ya soya naman nan? Gishirin ya yi yawa."

Daga inda nake zaune na ji muryar Kawu yana cewa ita dai tun tana yarinya ba a taɓa yi mata daidai ba. Suka shiga gardamar gishiri, ni kuma na tashi na ba su wuri.

Ni da abokina muna nan tare har yau, ko da yake aiki ya raba mu gari. Bai fara cin naman Salla ba, ni ma ban sake tayar masa da zancen ba. Abin da ya sauya a wurina shi ne yadda nake karatu. A da in na gano ma'anar kalma sai in ɗauka na gama. Yanzu nakan tambayi kaina abin da kalmar take nufi a bakin wanda ya faɗe ta da kunnen wanda zai ji ta, domin a garuruwanmu Littafi yakan ratsa harsuna da yawa kafin ya isa tsakar gida, kuma a can ne ake aiki da shi. Nakan kuma karanta sura har ƙarshenta, musamman idan farkonta ya ba ni gaskiya.

Ina son Hausa mai ƙa'ida kamar yadda nake sonta a da, kuma na ji jawabai masu kyau da ita a wurare da dama. Amma har yanzu ban ji wanda ya sanyaya mini rai kamar ƙorafin gishirin nan ba.