Man Shanun Kalilu Mai Sanyi

Idan kun taɓa shiga tashar mota ta Daura kun ga wani gajeren mutum a saman rufin doguwar bas, sifana a baki, ƙaramar tasa a aljihu, to Kalilu Mai Sanyi kuka gani. Aikinsa gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, amma ba na kowace mota ba. Shi nasa tsofaffin bas-bas ne da suka gaji da hanyar Legas, aka cire musu kujeru aka mai da su shagon aski ko ɗakin kallon ƙwallo. Esin irin wannan bas da injin mota yake aiki, ita kuwa ta daina tafiya, sai Kalilu ya sake mata kwamfuresa mai cin lantarki, ya ja bututu, ya zuba gas.

Bai yarda da ma'aunin zafi ba. Idan ya gama aiki, curin man shanu yake sawa a tasa, ya ajiye a cikin motar, ya dawo washegari. In man yana nan a dunƙule, aiki ya yi. Ya kuma rantse a gaban 'yan tasha cewa ranar da man shanu ya narke a motar da ya gyara, ranar zai ajiye sifana ya koma noman gero.

Ana nan sai Alhaji Sada, wani dillalin shanu a Zango, ya sayi bas ya kafe ta a tsakar gida domin mahaifiyarsa, Hajiya Ikilima, ta huta da zafin bazara. Aka sa gado da darduma da randa. Kalilu ya yi aikinsa, ya ajiye tasa kusa da gado, ya tafi.

Washegari ya yi sallama, Hajiya ta fita ta ba shi wuri kamar yadda ya kamata. Ya duba tasa, babu komai sai maiƙo.

"Ya narke har ya bi iska," ya ce wa kansa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ƙara gas, ya sa sabon curi. Da safe, tasa wayam. Ya toshe kowace kafa da soso, ya lulluɓe rufi da zana. Tasa wayam. Ya je Mai'adua ya samo kwamfuresar wata motar kifi ya haɗa da ta farko. A wannan karon ma har maiƙon ya ragu. Mutumin da ke cin tuwo kwano biyu ya koma tsakura, da yamma kuma aka fara ganinsa a gonar da ya gada yana kallon ƙasa kamar mai neman gafararta.

Gidan Alhaji kuwa ya canja. Gilashin motar ya yi hazo. Ƙudaje suka daina bi ta wannan ɓangaren. Wata kaza da ta kuskura ta shiga ta fito tana tafiya da baya.

Wata rana bayan Azahar, Kalilu ya zo ba a lokacinsa ba, da niyyar ya gaya wa Alhaji cewa ya sha kaye. Sai ya hango hayaƙi na fita ta taga. Ya ɗauka wayar lantarki ce ta kama da wuta, ya faɗa ciki a guje, ko sallama babu.

Ga Hajiya Ikilima a tsakiyar gado, bargo kan bargo, hular sanyi ta jikanta a ka, kaskon gawayi a gabanta. A kan kaskon, tasarsa ce zaune.

"Inna, me nake gani haka?"

"Shigo, ɗan nan, ka rufe ƙofar, kada ɗumin ya fita." Ta miƙa ƙafa. "Allah ya yi maka albarka da man nan da kake kawo mini. Tun da na shigo motar nan faso ya tsattsaga mini dugadugai. Da ba don kai ba, da ban san yadda zan yi ba. Sai dai ka ƙara girman curin, sanyin kullum gaba yake yi."

"To, Inna, ai da kin faɗa wa Alhaji."

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. Alhaji ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai masa ƙara.

"In ce wa wancan me? Yaro ya yi mini abin arziki, in ce ya yi yawa? Kullum kafin ka shigo nake tura kaskon ƙarƙashin gado, don kada kai ma ranka ya ɓaci."

Kalilu ya zauna a darduma, haƙoransa na haɗuwa. Abu ɗaya ne ya dame shi, ya tambaya a hankali.

"Inna, don Allah, man nan da kansa yake narkewa?"

"Da kansa? Dutse yake zama. Shekaranjiya sai da na sa muciya na fasa shi kafin wuta ta ci ƙarfinsa."

Wai sai ga mutum yana murmushi, hawaye na neman daskare masa a kumatu.

A ranar ya cire kwamfuresar kifin, ya karkata bututun ya nufi randa. Hajiya ta mai da gadonta gindin darbejiya, inda dama can ranta yake. Alhaji da ya ga ruwan randa na zama ƙanƙara, ya ce lallai tsohuwa na jin daɗin motarta. Babu wanda ya gyara masa zance.

'Yan tasha sun yi ta gardama ko narkewa a kan kasko ta karya rantsuwa. Kalilu ya ce shi da zafin Allah ya yi alkawari, ba da gawayin Inna ba, ya hau rufin wata bas da sifanarsa. Har yau duk Juma'a yana zuwa Zango da curi biyu, ɗaya na tasa, ɗaya na dugadugai.