Durowar Iyatu Mai Turare

Duk wanda ya zauna a Unguwar Gano ya san Iyatu mai turare. Ko bai san fuskarta ba ya san layinsu, don tun daga bakin titi ƙamshi ke tarar mutum. Turaren wuta da humra take haɗawa, kuma iyayen amare har daga Daurawa da Babban Giji suke aiko mata. Sai dai fa Iyatu akwai zargi, ba na wasa ba. Ka gaishe ta da fara'a, ta ce me kake nema. Ka gaishe ta a daƙile, ta ce me aka gaya maka a kanta. Mai kurar ruwa ma ba ya juye mata jarka sai ta shinshina.

Tun da mijinta ya rasu mutum ɗaya ta yarda da ita a duniya, wato Ruth, maƙwabciyarta da suka haɗa katanga, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna. Ruth ce ta yi jinyarta a haihuwar ɗanta Suhaib, ita ce kuma ke riƙe da mukulli na biyu na ɗakin turare. In Iyatu ta tafi Kasuwar Kurmi saro kaya, Ruth ke buɗewa ta miƙa wa masu zuwa karɓar saƙo.

Da Suhaib ya fara aiki, sai ya ga itatuwan turaren mahaifiyarsa zube a buhuna da kwanuka, ya ce zai yi mata durowa. Ya kai aikin wurin Malam Ya'u, wani kafinta a Gyadi-Gyadi. Ranar da aka gama haɗawa, Iyatu ta yafa mayafi ta tafi gani da idonta, don ba ta yarda da saƙo ba.

Malam Ya'u ya ja durowa ɗaya ya nuna mata. "Hajiya, waje zan shafa masa man sheƙi. Ciki kuwa a bar shi haka. Na goge shi sumul, zan goga kyandir a gefe don ya riƙa zamewa. Man nan in aka rufe shi a durowa warinsa ba ya fita, yana kama kaya."

Iyatu ta dubi gwangwanin man, ta dubi wasu kujeru da ke jiran shafi a gefe. Nan take ta gama lissafinta: so yake ya rage man da ɗanta ya saya ya ƙarasa aikin wasu.

"Malam, ni ba yarinya ba ce. Ciki da waje za ka shafa."

"Hajiya, turare fa za ki zuba."

"Ai shi ya sa. Shafa."

Ta ja benci ta zauna, ba ta tashi ba sai da ta ga ƙasan gwangwanin. Malam Ya'u ya ce to a bar su a iska su sha rana tukuna. Wannan ma ta ɗauka dabara ce, washegari ta aiko da a-daidaita-sahu aka kwaso. Ta jera itatuwanta a ciki, ta rufe, ta kulle ɗaki.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara. Wata Hajiya Bilkisu ta dawo da kwalba, ta ce da aka zuba a garwashi wani wari ya taso kamar na kananzir, har surukar amarya ta sa aka buɗe tagogi. Iyatu ta ji kamar ta nutse don kunya. A ɗakin kuwa ba ta jin komai, ƙamshin shekaru ya riga ya cika shi. Ta fara zargin mai sayar mata da itace, ta canja shi. Haɗi na gaba ma ya lalace.

Daga nan hankalinta ya koma kan mukulli. Wa ke shiga ɗakin in ba ta nan? Ta tuna Patience, 'yar Ruth, ta fara tallar turare a waya. Ta tuna ran da Ruth ta tambaye ta sukari nawa take sawa. Abubuwan da ba su da haɗi ta bi ta ɗinke su tsaf, har suka zama magana. Abin ya dame ta ƙwarai, amma zargin ya fi ƙarfinta.

Ta shiga gidan Ruth da yamma, ta tarar tana duba littattafan ɗalibai.

"Maman Patience, mukullin nan nake so. Kwaɗon ne yake cijewa, zan kai gyara."

Ruth ta ɗago ta dube ta. Jiya-jiya ta buɗe kwaɗon nan, lafiyarsa ƙalau. Ta kwance mukullin daga cikin nata ta miƙa.

Iyatu ta sayi sabon kwaɗo. Ta yi sabon haɗi ita kaɗai, ba wanda ya leƙa ɗakin. Ta zuba a garwashi a tsakar gida, warin nan ya sake tasowa.

Wata Juma'a da zafin rana, za ta gidan suna, ta jawo durowar ƙasa inda ta ajiye wani farin mayafi wankakke, ba turare ko ɗaya a cikinta. Sai da ta fito waje iska ta buga, ta ji shi a kafaɗarta. Warin gwangwanin Malam Ya'u ne sak, wanda ta zauna a benci ta sa aka juye mata. Ta daɗe a tsaye a soro, ba ta je sunan ba.

Malam Ya'u bai yi mata gori ba. Ya kankare cikin durowoyin, ya shanya su, ya ce warin ya riga ya shiga katakon amma zai fita a hankali. Masu saye ma a hankali suka dawo.

Saura abu ɗaya. Iyatu ta cika kwalba da humra mai kyau, ta zaro mukulli ɗaya na sabon kwaɗon, ta yi sallama gidan Ruth. Ruth ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi Suhaib. Iyatu ta ba da labarin durowa tiryan-tiryan, har da dariyar yaƙe, sannan ta ajiye mukullin a kan tabarma.

Ruth ta karɓi humrar ta yi godiya. Mukullin kuwa ta ɗauka ta sa mata a tafin hannu, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Riƙe abinki, Maman Suhaib. Tun da na ba ki wancan nake barci lafiya."

Har yau suna gaisawa, suna aika wa juna abinci da Sallah da Kirsimeti. Amma ran da Iyatu za ta Kurmi, masu karɓar saƙo sai dai su tarar da ƙofa a kulle su koma, mukullai biyun duk suna ƙulle a bakin zaninta.