Sunmaya da akwatin rigakafi

Shekara goma sha tara Sunmaya Magar ta yi tana kewaya dutsenmu da ƙafa, da akwatin allurar rigakafi a bayanta. Ƙauyuka uku ne a wuyanta, duka a cikin kurmin da ke saman garinmu na Solu. In ta fita da hantsi, kafin ta kai na ukun, wato Ƙauyen Sama, ƙanƙarar da ke cikin akwatin ta zama ruwa, sai ta juyo da sauran alluran, yaran can su jira wani watan.

Ni Ongchhu ne, mai gyaran keke a bakin kasuwa. A shekarar da samarinmu suka share tsohuwar hanyar shanu suka mai da ita hanyar kekunan hawan dutse ne na buɗe rumfata. Hanyar siririya ce, keke ɗaya take ci. Tana hawa ta cikin dogayen itatuwa har inda numfashi ke fara yi wa baƙo gardama, sannan ta gangaro ta ɗaya gefen, ta dawo inda ta fara. Kuma ta bi ta ƙofar ƙauyukan nan uku.

Wata rana sai ga Sunmaya a rumfata, tana da shekara arba'in da shida a lokacin.

"Ƙanena, wannan abin naku, minti nawa yake kai mutum Ƙauyen Sama?"

Na ce mata, da sunan da muke kiran yaya mace, "Didi, ga wanda ya iya, awa ɗaya da rabi."

"To koya mini."

Dariya na yi, ita kuwa ba ta yi ba. Na jawo wani tsohon keke da wani ɗan jagora ya bar mini, na rage masa tsayin sirdi. Mako uku muka yi a filin makaranta. Ta faɗi har na daina ƙirgawa. Mijinta Birkha, wanda ba ya rabo da tsokana, kullum sai ya zo ya jingina da katanga yana kallo.

"Uwar yara, in kin karye wa zai yi miki allura? Ni ko zare ban iya sa wa allura ba."

Takan ce, "Kai dai je ka duba tukunya kada shinkafa ta kama."

Da muka hau hanyar kurmi na gaya mata abin da ake gaya wa kowa: a gangare ta ja jikinta baya, kada ta damƙe birkin gaba da ƙarfi, ta kuma kalli inda take son bi, ta bar kallon dutsen da take tsoro. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ta fi ni sanin hanyar. Ta san saiwar da ke santsi bayan ruwa, ta san kwanar da shanu ke tsayawa ba sa kaucewa. Akwai wani wuri mai matattakalar duwatsu da samari ke alfahari da saukowa a kai. Ita har yau sauka take ta tura kekenta.

"Ba ni kaɗai ce a kan keken ba," in ji ta, tana dafa akwatin.

A shekara ta uku da fara hawan kekenta, wasu mutanen Kathmandu, babban birnin ƙasarmu, suka shirya tseren keke. Suka ɗaure ƙyalle a bakin hanya, suka ce ranar babu mai shiga sai mai lamba a ƙirji. Ranar kuwa ta faɗo daidai da ranar rigakafin Ƙauyen Sama. Sunmaya ta iso da hular kwano a kan ɗankwalinta, da faffaɗar ɗamararta ta kullum a ƙugu. Shugaban tseren ya tare ta da ladabi, ya kira ta Ama, wato uwa.

"Ama, yau a yi haƙuri, gobe hanya taki ce."

"Ɗana, jarirai goma sha ɗaya aka sauko da su daga rugage suna jirana. Kai za ka je ka ce musu gobe?"

Ya duba ni, ni kuma na duba taya. Ƙarshe dai ya ɗaga mata ƙyallen, bayan 'yan tseren sun wuce.

Abin da ya faru a sama, daga bakin 'yan tseren na ji shi. A hawan farko ta tarar da huɗu daga cikinsu sun sauka suna haki, ƙarancin iskar tudu ya kama su. Ta wuce su a hankali da ƙaramar giyar kekenta, har tana gaishe su. Can gaba, a wata kwana mai saiwoyi, ta iske wata budurwa mai suna Prerana kwance a gefen hanya, ta riƙe kafaɗa tana kuka. Sunmaya ta jingine keke a inuwa, ta taɓa wurin ta gane ƙashin ya karye. Ta kwance ɗamararta ta ɗaure mata hannun a ƙirji, ta cire mata matsattsaku biyu daga ƙafa, ta tsayar da ɗaya daga samarin da ta wuce ta ce ya zauna da ita har masu ɗauka su zo. Sannan ta hau ta ci gaba. Ta yi wa jarirai goma sha ɗayan allura da sauran ƙanƙara a akwati.

Da la'asar ta gangaro, an riga an raba kyaututtuka. Mutane suka yi ta tafi, ita kuwa ta zaci wani ake yi wa, har ta waiga baya.

Bara ta yi ritaya. Wadda ta gaje ta, wata matar aure mai suna Lhakpa Diki, ta zo da nufin ta riƙa tafiya da ƙafa. Sunmaya ta kamo hannunta har rumfata, ta ce in auna mata sirdi. Yanzu duk Asabar su biyu suke hawa, tsohuwar a gaba tana yi mata faɗan birki.